Sarƙar taimin ta yi tsalle, mota ta mutu a Kwangila: a sauke injin ko a fara aunawa?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu sanin injin, don kaina ya ɗaure. Motata Honda Accord ce, wadda ake ce wa EOD, ƙirar 2004, mai fulogi huɗu, otomatik. Jiya da yamma na taso daga Samaru zan shiga Sabon Gari. Daf da gadar Kwangila na rage gudu saboda cunkoso, ina sake taka totur sai na ji wata ƙara daga gaba ta ɓangaren fasinja, motar ta yi jijjiga ta mutu. Na yi ta ba ta kik, injin yana juyawa da sauri fiye da yadda na saba ji, sakayau, amma ko alamar tashi babu. Aka ja ta zuwa wani gareji. Yau da safe mai garejin ya buɗe murfin saman injin, ya ce taimin ya goce, injin ya gama aiki, in nemi ɗan Beljiyam kawai. Kuɗin da ya ambata ya fi ƙarfina a yanzu. Shin da zarar sarƙa ta yi haka shi ke nan injin ya tafi? Ko akwai yadda ake gane abin da ya lalace kafin mutum ya shiga bashi?

Direban Funtuwa:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri Malam. Ni dai shawarata ka bi maganar makanikinka. Injin da aka buɗe ba ya komawa yadda yake. Yau ya sha mai, gobe ya yi zafi, jibi gasket ya ƙone. Ka daure ka je Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, a ɗauko maka wani a ɗora, ka huta.

Baba na Muciya:
Malam, kafin komai ka kira garejin nan yanzu ka ce kada kowa ya ƙara murɗa makullin motar. A cire ma kan batir. Injin K24 ne a cikinta, kuma a irin wannan injin fistan da bawul wuri ɗaya suke amfani da shi, sai dai kowa da lokacinsa. Sarƙar ce ke raba musu lokacin: kiranshaf, sandar ƙasa da fistan ke juyawa, ya juya sau biyu, kamshaf, sandar sama mai danna bawul, ya juya sau ɗaya. In ta goce, fistan zai taso ya tarar da bawul bai gama komawa ba, ya buge shi. Duk kik ɗin da aka ƙara, ƙarin duka ne.

Sannan ka amsa mini waɗannan. Sarƙar tsinkewa ta yi, ko tana nan kan haƙoranta ta yi sako-sako? Gudu nawa kake yi? Kafin jiya motar tana ƙara idan ka tashe ta da safe? Fitilar injin tana kunne? Wane baƙin mai kake zubawa, kuma ya taɓa yin ƙasa sosai?

Baban Khalifa:
Na kira su Baba, an cire batir. Sarƙar ba ta tsinke ba, na gani da idona, tana nan amma in ka sa yatsa tsakanin giyoyin nan biyu na sama tana lotsawa. Gudu bai kai 40 ba. Ƙarar safe akwai ta tun kafin damina, kamar ana jan ƙarfe, sai ta ɗauke bayan ɗan lokaci. Fitilar injin ma tana kunne, an taɓa sa mata kwamfuta aka goge, ta dawo. Mai kuwa 20W-50 ake zuba mini, kuma sau da yawa idan na duba gejin sai na ƙara.

Riwayan PZ:
Malam ka tuna lambar da kwamfutar ta nuna? In P0341 ce, to motar ta daɗe tana faɗa maka sarƙa ta miƙe. A waɗannan motocin lambar tana nufin abin da sensar kamshaf ke karantawa bai yi daidai da na kiranshaf ba. Mutane da yawa sai su canza sensa, alhali sensar gaskiya ta faɗa.

Baban Khalifa:
Ita ce Oga, ina da hoton a waya. P0341.

Ɗan Gyallesu:
Ni ɗalibi ne a wannan sana'a, a gyara mini in na yi kuskure. Me zai hana a sa gejin kwamfireshan a kowace silinda? In bawul ya lanƙwashe ai allura ba za ta tashi ba.

Injiniyan Basawa:
Tunaninka ya yi kyau ƙanena, amma ba yanzu ba. Gejin kwamfireshan sai an ba mota kik yake aiki, abin da Baba ya hana ke nan. Na biyu, injin da taiminsa ya goce ko da duk bawul ɗinsa lafiya suke, zai nuna maka kwamfireshan ƙasa, saboda suna buɗewa suna rufewa ba a lokacinsu ba. Ka ga gejin bai bambance maka komai ba. Juyawar nan sakayau da Malam ya ji ma haka take: tana nuna babu matsi a cikin silinda, amma ba ta faɗi dalili ba. Gejin yana da ranarsa, bayan an gama gyara. Littafin gyara na Honda ya ce kada silinda ta gaza 135 a ma'aunin PSI, kuma kada tazarar da ke tsakanin silinda da silinda ta wuce 28.

Mai Kaya na Sabon Gari:
To ai hanya mai sauƙi ita ce a sayi sabuwar sarƙa da adjasta mai ɗaure ta da damfa, robar da take bi a kai, a saita taimin, a tayar. In ta tashi lafiya an ci riba. Ko ba komai dai sai an sayi kayan nan. Na ga motocin da haƙori ɗaya ko biyu suka tsallake, aka mayar, har yau suna kan titi.

Baba na Muciya:
Alhaji, gaskiya ne ana dacewa, ni ma na gani. Amma waɗannan yawanci motar ba ta mutu ba, rawa take yi tana rasa ƙarfi. Ta Malam ta mutu nan take, aka kuma yi ta kik. In ka ɗaura sabuwar sarƙa, ka shafa gam ka rufe murfin gefe, ka mayar da fuli da mawuntin, sannan ka gano bawul ya lanƙwashe, duk sai ka sake kwance su, don tof silinda, wato kan injin da bawul ke ciki, ba ya fita sai an cire sarƙa. Aiki biyu ke nan, kuɗin aiki biyu. In kuma ƙasan injin ne ya taɓu, kayan da ka saya sun zama ajiya.

Ga yadda nake yi, Malam ka tura wa makanikinka, ko ka je ka tsaya a yi a gabanka.

A cire fulogi huɗun a jera su a kan kwali yadda suke a injin. A dubi bakin kowanne. In an ga wanda bakinsa ya maƙale ko ya farfashe, akwai abin da ya karye yana yawo a wannan silindar, a nan magana ta fara nauyi.

Sai a sa sifana a kan fulin kiranshaf a juya da hannu, a hankali, ta yadda agogo ke tafiya. Da an ji ya tokare a tsaya, kada a ce za a gwada ƙarfi. A kawo makin fuli kan alamarsa, a dubi makin giyoyin kamshaf, a ƙirga haƙori nawa suka goce da kuma ta wane ɓangare.

Tun kafin a kwance komai a sa fila gej, siririn ƙarfen auna tazara, tsakanin roka mai danna bawul da kan bawul, a kowane bawul da yake a rufe. Bawul ɗin da ya lanƙwashe ba ya komawa ya zauna daidai, sai ya tsaya ƙasa kaɗan, tazarar ta yi yawa. Wani ma ba sai da gej ba, ka kama rokar da yatsa ka ji tana kaɗawa.

Sannan babban gwajin, na iska. A juya kiranshaf fistan huɗun su tsaya a tsakiyar hanya, babu wanda yake sama. A kwance kamshaf biyun a ɗaga su. Da zarar sun fita babu abin da ke danna bawul, sifirin zai rufe duka goma sha shida. Yanzu maganar taimin ta fita daga lissafi: duk bawul ɗin da bai rufe ba, shi ne da laifi. A hura iska ta ramin fulogi, silinda ɗaya bayan ɗaya. In babu na'urar gwajin, a samu tsohon fulogi a fasa farin a fitar, a yi masa walda da bakin tiyo, a jawo iska daga injin mai faci. Sai a kasa kunne. In iska tana fita ta salansa, bawul ɗin fitar da hayaƙi ne. In ta wajen totur take fita, na shan iska ne. In ta ramin gejin mai take busowa da ƙarfi, fistan ne ko ringi, amma ɗan huci kaɗan ta nan ko a lafiyayyen injin ana ji. In ruwan lagireto yana kumfa, gasket ne ko tof ya tsage.

Gargaɗi ɗaya: a cire sifana daga kan fuli kafin a saki iska. Iskar tana tura fistan ƙasa, sifanar za ta wulwulo ta karya hannun yaro.

Duk wannan aikin yini ɗaya bai kai ba, kuma ba ka sayi ko ƙusa ɗaya ba.

Injiniyan Basawa:
Ƙari a kan maganar fila gej: a injin wannan motar, idan ya huce, tazarar bawul ɗin shan iska milimita 0.21 zuwa 0.25 ce, na fitar da hayaƙi 0.28 zuwa 0.32. Wanda ya lanƙwashe za ka ga ya zarce wannan nesa ba kusa ba. Akwai kuma 'yar kyamara mai igiya da ake haɗawa da waya, tana shiga ta ramin fulogi, za ta nuna maka kan fistan tun ba a buɗe ba.

Direban Funtuwa:
Baba, ba na ja da iliminka, ka girme ni a harkar nan. Amma ku masu gyara kuna kallon injin, mu masu tuƙi muna kallon aljihu da lokaci. A ce an gano bawul ne. Kuɗin bawul, kuɗin mai tana da ke gyara ƙarfe a injin sassaƙa, gasket, sarƙa, kuɗin aiki, mota tana kwance. Ka tara su ka gani ko ba su doshi kuɗin injin ba. Kuma wa zai ba ka tabbacin wanda zai haɗa ya iya?

Baba na Muciya:
Maganarka ta ƙarshe ita ce mai ƙarfi, kuma ban musa ba. Wanda zai ɗaure tof silinda da ƙarfin damtse ba tare da sifanar awo ba, gara kada ya buɗe. Amma ɗan Beljiyam ɗin nan daga ina ya fito? Daga cikin motar 2003 zuwa 2005, sa'ar ta Malam. Ya haura shekara ashirin, da sarƙarsa ta asali a ciki, ba ka san wanda ya tuƙa shi ba, ba ka san man da ya sha ba. Na sha sauke injin daga bayan a-kori-kura in buɗe murfi in tarar da laka baƙa ƙirin. Ni ban ce kada a sayi injin ba. In fistan ya fashe, ko bangon silinda ya karce, ko kiranshaf ya ci metal, ƙarfen da yake juyawa a kai, ni da kaina zan ce a saya. Cewa na yi a auna tukuna.

Mai Kaya na Sabon Gari:
In ma sayen za a yi a lura, ba duk K24 ne ɗaya ba. Na EOD K24A4 ne. Na 2006 da 2007 K24A8 ne, totur ɗinsa na lantarki ne ba na waya ba. Na CR-V ma daban. Sai an yi ta musanya kayan jiki kafin ya zauna. A duba lambar a jikin bulok.

Maman Ilham:
Sallama gare ku. Ku yi haƙuri in shigo da tawa, don maganar nan ta tayar mini da hankali. CR-V gare ni ta 2005, ita ma da asuba in na tayar za ta yi ƙara kamar daƙiƙa biyu sannan ta yi shiru. Babu fitila a kunne. Kullum da ita nake kai yara makaranta daga Tudun Wada zuwa Kongo. In ajiye ta ne?

Baba na Muciya:
Hajiya, ƙarar daƙiƙa ɗaya ko biyu da sanyin safiya tana iya zama giyar VTC, mai sauya lokacin buɗe bawul, da ke kan kamshaf ɗin shan iska, kafin mai ya iso ta. Tana kuma iya zama sarƙa. Kunne kaɗai ba ya raba gardama. A gefen injin akwai ɗan ƙaramin murfi daidai saitin adjasta. A buɗe shi a ga yadda sandar adjastar ta fito. Ita ce ke tura sarƙa ta ɗaure, duk yadda sarƙa ta miƙe haka take ƙara fitowa, har ta kai inda ba ta da sauran tafiya. Ki sa a duba a makon nan, kuma ki duba gejin mai yau.

Injiniyan Basawa:
Iyakar da littafin ya sa wa sandar milimita 13.5 ce. In ta wuce, sarƙar taimin da ƙaramar sarƙar famfon mai duka ake canzawa.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan kai ta.

Baban Khalifa:
Jama'a ga inda aka kwana. Na mayar da motar wani garejin da suka yarda a bi matakan nan, na tsaya aka yi a gabana. Fulogi huɗun babu wanda ya fashe. Injin ya juya da hannu, sai dai akwai inda yake ɗan cijewa. Makin kamshaf biyun duk sun yi baya, tare suka goce. Damfar da ke gefen adjasta ta karye, guntun babu shi a wurin. Sandar adjasta ta fito har ƙarshe. Da aka cire kamshaf aka hura iska, silinda huɗun duka ta salansa suke fitarwa. Ta uku ce ta fi, na sa tafin hannu a bakin salansa na ji iskar tana bugu na. Ta wajen totur shiru. Ruwan lagireto bai motsa ba. Ta ramin gejin mai ɗan huci ne kawai, kuma iri ɗaya a duka huɗun.

Baba na Muciya:
Alhamdu lillahi, wannan labari ne mai daɗi a cikin marar daɗi. Kamshaf biyun sun goce tare, wato sarƙar a ƙasa ta yi tsalle, kan giyar kiranshaf. Da suka yi baya, bawul ɗin fitar da hayaƙi sai ya makara wajen rufewa, fistan ya cim masa a sama. Na shan iska kuwa makara ya yi wajen buɗewa, lokacin fistan ya riga ya juya ƙasa, shi ya sa ya tsira. Abin da iska ta faɗa ya yi daidai da abin da maki ya nuna. Da tsinkewa ta yi, kamshaf tsayawa zai yi cak, waɗanda suke a buɗe a wannan lokacin su kaɗai za su sha duka, amma su sha da yawa.

Yanzu a cire tof. Kada a tsaya a kansa kawai, ga abubuwan da ake mantawa. A goge kan fistan a duba. Ɗan zanen baka da bakin bawul ya bari ba matsala ba ne, a shafe kaifinsa kawai. Tsagewa ko lotsawa a gefen fistan, kusa da inda ringi yake, ita ce matsala, don tana matse ringin. A kawo fistan na ɗaya da na huɗu sama a auna tsayinsu da fuskar bulok, sannan na biyu da na uku. In ɗaya ya gaza 'yan uwansa, kwanrod, sandar da ke haɗa fistan da kiranshaf, ya lanƙwashe. A sa farce a bi bangon kowace silinda daga sama zuwa ƙasa.

Sannan, Malam, guntun damfar nan da ka ce babu shi, yana cikin botom filet, kaskon mai na ƙasan injin. Dole a sauke.

Ɗan Gyallesu:
Baba, in an canza mai ai zai fito da shi ko?

Baba na Muciya:
Ba zai fito ba ɗana. Ramin juye mai ƙarami ne, guntayen roba kuma rariyar famfon mai suke zuwa su manne. Mota za ta tashi lafiya, a yi murna, a hau hanyar Kaduna, kafin Jaji rariya ta toshe, mai ya daina hawa, metal ya ƙone. A nan ake cewa injin da aka buɗe ba ya ƙarko, alhali rabin aikin aka yi.

Direban Funtuwa:
Wannan kam na taɓa ganin irinsa a motar wani abokin aikina. Bayan gyara da mako guda ta yi nokin.

Baban Khalifa:
An cire tof, an sauke botom filet. Makanikin ya kwantar da tof ɗin a gefe ya zuba kananzir a ramukan hayaƙi, nan da nan ya tsiyaye ta bakin bawul. Da ya zuba a na shan iska ya tsaya bai ɗiga ba. An fitar da takwas ɗin na hayaƙi, ya mirgina su a kan gilashi, shida kansu yana rawa ƙarara, biyu sai ka lura sosai. A silinda ta uku bututun da ƙafar bawul ke sintiri a ciki ya tsage a baki. Kan kowane fistan akwai zane biyu, babu tsagewa. Tsayinsu ya zo daidai. Bangon silinda sumul. A botom filet kuwa mun tsinci guntayen roba ruwan ƙasa, wasu sun liƙe a rariya sun rufe kusan rabinta, ga laka mai kauri a ƙasa. Makanikin ya ce a canza shidan a bar biyun. Me kuka gani?

Injiniyan Basawa:
A canza takwas ɗin. Zane biyu a kan kowane fistan yana nufin duka sun sha duka. Bawul ɗin hayaƙi shi ya fi kowane ɗaukar zafi, kuma ta mazauninsa yake sauke zafin. Wanda bai zauna daidai ba zai ƙone a hankali, wanda wuyansa ya raunana kuma yana iya guntulewa ya faɗa kan fistan. A kai tof ɗin wurin mai tana ya canza bututun da ya tsage, ya duba sauran bakwai, ya gyara mazauni, a sa sababbin sil. Ya ɗora ƙarfen awo a fuskar tof: in karkacewar ba ta kai milimita 0.05 ba kada ya taɓa ta. Wasu da an kawo musu tof sai su yanke fuska ko da lafiya take. Iyakar abin da aka yarda a yanka 0.2 ne, kuma yankan yana matso da bawul kusa da fistan.

Direban Funtuwa:
To ni yanzu rariyar nan ce ta dame ni. Rabinta a toshe, ga laka, ga shi ya ce mai yana yin ƙasa. Wa ya san halin da metal yake ciki? Kada a kashe kuɗi a sama, ƙasa ya ba da kunya.

Baba na Muciya:
Wannan tambaya ce ta mai hankali, kuma ita ce za ta yanke hukunci tsakanina da kai. Tunda ƙasa a buɗe yake, kuma za a taɓa famfon mai don canza ƙaramar sarƙa, a kwance murfin kwanrod a ga metal. A yanka filtar mai a baje takardar a rana. In an ga ƙyalƙyalin ƙarfe a cikinta, ko metal ya ci har launinsa ya sauya, ko farce yana kamawa a jikin kiranshaf, to na koma bayanka, a nemi injin ko rabin injin na ƙasa. In ba haka ba a rufe a ci gaba. A sa wa kowane murfi alama, a mayar da shi inda aka cire shi, ta fuskar da yake.

Baban Khalifa:
An duba. Filta babu ƙyalƙyali, baƙin datti ne kawai. Metal ɗin sun ɗan yi zane siriri, kiranshaf kuwa santsi, farce bai kama komai ba. Makanikin ya ce tunda an riga an buɗe zai sa sababbin metal daidai lambar na ciki.

Direban Funtuwa:
To shi ke nan, a gyara. Amma Malam ka ajiye lissafin duk abin da ka kashe, in an gama ka faɗa mana, don ni har yanzu ina ganin tazarar ba za ta yi yawa ba.

Mai Kaya na Sabon Gari:
A kan kaya, shawara ta tsakani da Allah ko ba a wurina za ka saya ba. Sarƙa, adjasta da damfa kada ka bi araha, akwai na kwali mai kyau da ba sa shekara. Kada kuma ka sa tsohuwar sarƙa ta Beljiyam don an ce asali ce, ita ma ta yi tafiyarta. A dubi haƙoran giyar kiranshaf tunda a kanta aka yi tsallen. Akwai 'yar rariya ta VTC a jikin tof, a wanke ta ko a canza, laka tana toshe ta.

Riwayan PZ:
Sai maganar mai, don in ba a gyara nan ba za a dawo gidan jiya. A kan murfin man EOD da aka shigo da ita daga Amurka 5W-20 aka rubuta. Adjasta da VTC duka da matsin mai suke aiki, ta ƙananan ramuka. Mai kauri yana jinkirin isa da safe, sarƙa tana kaɗawa kafin ya iso.

Direban Funtuwa:
A zafin Zariya na watan Afrilu za ka zuba mai kamar ruwa a tsohon injin? Ai shanye shi zai yi.

Injiniyan Basawa:
Zafin cikin injin ya ninka na gari, kuma ruwan lagireto da fanka ne ke tsare shi, ba kaurin mai ba. In ana tsoron shan mai a tsohon injin, 5W-30 mai kyau ya wadatar. Amma a ganina abin da ya fi cin sarƙar Malam shi ne man da ke yin ƙasa da kuma daɗewa ba a canza ba, lakar nan shaida ce. Sarƙa a cikin mai take wanka, dattin da ke cikinsa shi ke cin ƙusoshinta har ta miƙe. Ga ƙurar hunturu, in filtar iska ta mutu duk a mai take ƙarewa. Lita 4.2 motar ke ci idan an canza da filta. A sayi mai a rufe, a duba geji duk mako.

Baba na Muciya:
A wanke botom filet da rariya tas. In an gama haɗawa, kafin a sa batir, a juya injin da hannu zagaye biyu cikakku a sake duba maki. A saita tazarar bawul goma sha shidan. A cire fiyus ɗin famfon fetur a ba ta kik mai ya hau, sannan a tayar.

Baban Khalifa:
Jama'a mota ta tashi, Alhamdu lillahi. Kik ɗaya, babu ƙarar safe, fitilar injin ta mutu. An sa gejin da ƙanenmu na Gyallesu ya ambata tun farko: 178, 180, 172, 176. Alhaji Direba, na tara lissafin har da kuɗin jan mota da na mai tana, ya ɗan haura rabin kuɗin injin da aka faɗa mini, ban da kuɗin ɗora shi. Allah ya saka wa kowa da alheri, Baba Allah ya ƙara girma.

Direban Funtuwa:
Ma sha Allah. Ni dai sai ta je Kano ta dawo a watan zafi ba ta taɓa ruwa ba sannan zan sa hannu.

Baba na Muciya:
Amin Malam. Lambobin sun yi. Man da ke ciki yanzu kada ka bar shi ya daɗe, ka yi kamar kilomita dubu ka juye shi da filta, zai kwaso sauran lakar da hannu bai kai ba. A ranar a sake duba tazarar bawul ɗin hayaƙi da injin a sanyi, sababbi suna ɗan zama. Ka ci gaba da lura da gejin mai, don ba mu taɓa ringi ba, in shan man daga can yake zai ci gaba. Hajiya mai CR-V, me aka gani a adjastar?

Maman Ilham:
An buɗe Baba, an auna, sandar ta wuce iyakar da Injiniya ya faɗa. Motar tana gareji, gobe za a sayo sarƙoƙin biyu.